Kwamfuta ba da ido ba: Yadda makafi ke sarrafa ta da kunne da yatsu

A Nariya da ke ƙaramar hukumar Kibiya, kamar sauran garuruwan ƙasar Rano, idan saƙon banki ya shigo wayar makaho, yawanci sai ya nemi wanda zai karanta masa. Daga nan sirri ya fita: an san abin da ya shigo, an san wanda ya turo. Haka cike fom ɗin makaranta ko na neman aiki, sai an je shagon kwamfuta an faɗa wa wani komai.

Alhali akwai manhajojin da aka yi domin wannan matsala. Aikinsu su karanta abin da ke kan allo da murya. Wadda ta fi sauƙin samu a kwamfuta ita ce NVDA, da wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara a 2006, sannan abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo suka ci gaba tare. Kyauta ce. JAWS, wadda ta girme ta, sayenta ake yi, kuma kuɗin ba na talaka ba ne.

Linzamin kwamfuta ba ya yi wa makaho amfani, tunda sai an ga kibiyar ake nuna abu da ita. Komai a kan maɓallai yake. Darasin farko shi ne lalubo F da J, waɗanda ke da ɗan tudu a kansu. A nan manuniya biyu ke zama, daga nan ake gane mazaunin sauran haruffa.

Idan an girka NVDA, danna Ctrl da Alt da N tare zai tashe ta, ta fara magana. Buɗe wata manhaja kuwa ya fi yadda masu ido ke yi sauri: a danna maɓallin Windows, a rubuta farkon sunanta, misali Word, a saurari muryar ta ambace ta, a danna Enter. Alt da Tab na kai mutum daga wannan manhaja zuwa waccan, Alt da F4 na rufe wadda ake ciki. Wanda ya rikice bai san inda yake ba, sai ya danna Insert da T, a faɗa masa sunan tagar da ke gabansa. A shafin intanet, harafin H na tsallakawa daga kanu zuwa kanu, ba sai an saurari kowane talla ba.

Abin da zai fi yi wa ɗan ƙauye amfani shi ne ana iya zuba NVDA a filas a sa a aljihu. Wanda ba shi da kwamfutar kansa zai iya soka ta a ta shago ko ta makaranta ya yi aikinsa. Ko babu ita, Windows na da nata mai suna Narrator, wanda ke tashi da Ctrl da Windows da Enter. A waya kuma akwai TalkBack a Android, da VoiceOver a iPhone, duka suna cikin saitin wayar tun daga kamfani, sai dai masu sayarwa da yawa ba su taɓa kunna su ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne harshe. Muryoyin da aka fi samu na Turanci ne, suna karanta Hausa da ƙa'idar Turanci, har kalma ta koma wata aba daban. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sau da yawa muryar na tuntuɓe a kansu. Mai sauraro sai ya horar da kunnensa. Sannan shafin da aka cika da hotuna marasa bayani, ko sanarwar da aka ɗauki hotonta aka watsa a WhatsApp, ga makaho tamkar farar takarda ce.

Doka dai tana nan. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta ba su haƙƙin ilimi da kaso 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Hukumar JAMB ma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin jarrabawar makafi. Amma aikin ofis a yau da kwamfuta ake yinsa, kuma wuraren da aka san su da ilimin makafi a jihar, irin su makarantar Tudun Maliki da sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero, duk a cikin birnin Kano suke. Yaron Nariya sai ya samu kuɗin mota da ɗan jagora kafin ya isa inda za a ɗora masa yatsu a kan F da J.