Shuɗin Hasken da Ya Kori Fitilar Ƙwai

Duk wanda ya girma kafin shekarar 2000 ya san hidimar almuru a gida: a goge ƙwan fitila, a datse lagwani, a aiki yaro sayen kananzir kafin a kira magariba. Yau kuwa teburin mai shayi da tukubar mai tsire da zauren makarantar dare duk farin haske ne tas, daga tocila mai caji ko fitilar sola. Ƙananan ƙwayayen da ke ba da wannan haske su ake kira LED, kuma salsalar farinsu tana komawa ga wani ɗakin gwaje-gwaje na injiniyoyin lantarki a Jami'ar Nagoya da ke Japan.

Jan LED ya daɗe. Nick Holonyak ya ƙera shi a Amurka tun 1962, kore ya biyo baya. Amma ja da kore ba sa haskaka ɗaki, iyakarsu alamar da ke nuna rediyo a kunne yake. Kafin a samu farin haske sai an samu shuɗi, shi kuwa shuɗin ya gagari manyan kamfanonin duniya kusan shekara talatin.

Don a gane inda gizo ke saƙa, sai a san yadda LED yake aiki. Ba shi da zaren da ke yin zafi irin na tsohon ƙwan lantarki. Ɓangarori biyu ne na wani sinadari a manne da juna: ɗaya, wanda ake kira N, yana da rarar ƙwayoyin lantarki, ɗayan, wato P, yana da guraben da babu kowa a ciki. Idan aka ba shi wuta, ƙwayoyin sai su faɗa cikin guraben, kowace faɗawa kuma ta saki ɗan haske. Irin sinadarin shi ke yanke launin da zai fito. Masana sun daɗe da sanin cewa galiyom naitirayid, wanda ake taƙaitawa GaN, zai iya ba da shuɗi. Kamfanin RCA ya gwada shi a farkon shekarun 1970, ya samu ɗan haske dishi-dishi, ya haƙura. Matsalolin biyu ne: ba a iya shimfiɗa shi sumul ba tare da tsagewa ba, kuma babu wanda ya iya samar da ɓangarensa na P. Galibin masu bincike suka koma kan wani sinadarin, zinki selenayid.

Isamu Akasaki ya ƙi bin ayari. Tun yana kamfanin Matsushita yake fama da GaN, da ya koma Jami'ar Nagoya a matsayin farfesa a 1981 kuma ya tafi da shi. Shekara guda bayan haka wani ɗalibi mai suna Hiroshi Amano, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya shiga ɗakin bincikensa. Kuɗin da suke samu bai isa sayen na'urar da ake bukata ba, don haka ɗaliban suka harhaɗa tasu da hannu.

Aikin shi ne a tura iskar sinadarai kan wani faifan dutsen safaya a cikin tanderu mai zafin kusan digiri 1,000, domin GaN ya kwanta a kai sannu a hankali. Sai dai jerin ƙwayoyin zarra na safaya da na GaN sun saɓa da kusan kashi 16 cikin ɗari. Kamar magini ne ya ɗora bulo a kan harsashin da aka auna don wani girman bulon daban: ginin ba zai tashi ba sai da tsaga. Amano ya yi gwaji sama da 1,500, abin da ke fitowa kullum dusu-dusu ne, cike da tsagewa.

A 1985 aka samu sa'ida. Wata rana tanderun ya ƙi kaiwa zafin da aka saba, sai Amano ya gwada wata shawara da suka taɓa tattaunawa da malaminsa: a fara shimfiɗa siririn aluminiyom naitirayid a ƙaramin zafi, kusan digiri 500, sannan a ɗora GaN a kansa. Da ya ciro faifan ya gan shi garau, har ya zaci ya manta bai buɗe iskar sinadarin ba. Ashe GaN ɗin ne ya kwanta sumul. Wasu za su kira wannan dace, amma wanda bai shafe shekara uku a gaban tanderun ba, da ba zai san abin da zai gwada ranar da ya lalace ba.

Saura ɓangaren P. A 1989 suka gauraya GaN da ɗan maganiziyom, suka harba masa ƙwayoyin lantarki, sai guraben da ake nema suka samu. A shekarar suka nuna LED shuɗi na farko mai ɓangarorin P da N na GaN.

A nan mutum na uku ya shigo. Shuji Nakamura injiniya ne a Nichia, wani kamfani da ke garin Anan a tsibirin Shikoku. Ya ƙera tasa na'urar, ya gano cewa iskar haidirojin ce ke toshe guraben, kuma gasa sinadarin kawai ya isa ya kore ta, hanyar da ta fi sauƙi ga masana'anta. A 1993 Nichia ya fitar da shuɗin LED mai haske sosai, a 1996 kuma aka shafa masa wani gari mai mayar da sashen shuɗin zuwa rawaya, haɗuwar biyun ta ba ido fari. Wanda ya leƙa tocilarsa a kashe zai ga wannan ɗigon rawaya a kan kowane ƙwai. Ladan da kamfanin ya fara ba Nakamura yen 20,000 ne kacal. Ya kai ƙara a 2001, aka sasanta a 2005 kan yen miliyan 840.

Su ukun suka karɓi kyautar Nobel ta fannin fiziks a 2014. Kwamitin kyautar ya yi nuni da cewa kusan rubu'in wutar lantarkin duniya a haskaka wurare take tafiya, kuma LED kan iya kai awa 100,000 yana aiki, alhali tsohon ƙwai mai zare ba ya wuce awa 1,000. Ya kuma ambaci mutane sama da biliyan ɗaya da rabi da layin wuta bai kai gare su ba. Wannan batu ya shafi ƙauyukan Jigawa da na Damagaram kai tsaye, domin ƙarancin cin wutar LED ne ya sa ɗan ƙaramin faifan sola da batir guda suke isar gida har a kwanta, babu hayaƙi, babu fargabar gobara.

Jami'ar Nagoya ta ci moriyar haƙurin da ta yi da mutanenta. Da kuɗin haƙƙin mallakar binciken aka gina Cibiyar Akasaki a harabarta a 2006. Akasaki ya rasu a 2021 yana da shekara 92. Amano kuwa ya zama farfesa a jami'ar, ya karkata ga amfani da GaN wajen rage asarar wuta a na'urorin da ke sarrafa lantarki da kuma LED mai hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha. Ƙananan cajojin waya masu saurin cika batir da ake rubuta GaN a jikinsu, waɗanda suka fara shigowa kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano, da wannan sinadarin aka yi su.