Sarkin Wakanda da ƴan kallonsa

A watan Fabrairu na 2018 ne kamfanin Marvel na Amurka ya fito da fim ɗin Black Panther, labarin T'Challa, sarkin Wakanda, wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka wadda Bature bai taɓa mallaka ba. Baƙaƙen fatar Amurka suka yi dafifi a gidajen sinima cikin kayan gargajiya, sai ka ce ranar salla. Har karo-karo aka yi domin kai ƴaƴan talakawa kallo. Kuɗin da aka samu ya zarce dalar Amurka miliyan 1300.

A Afirka kuwa, murnar ta zo da gunaguni. Waɗansu suka ce nahiyar tamu ce, amma a Atlanta aka ɗauki yawancin fim ɗin, ribar kuma can ta tsaya. Ɗan Nijar mai lura zai shaida shigar Abzinawa a jikin ƙabilar fataken Wakanda.