Buenos Aires: Birnin da taliya da gasasshen nama suka zama 'yan gida ɗaya

A wani dare cikin watan Maris na 2023, wata uku bayan Ajantina ta ɗauki Kofin Duniya a Qatar, Lionel Messi ya fita cin abinci da iyalinsa a birnin Buenos Aires. Kafin ya gama, labari ya bazu. Ɗaruruwan mutane suka cika titi suna waƙa suna kiran sunansa, har sai da jami'an tsaro suka buɗa masa hanya kafin ya iya fita. Da yawanmu mun ga bidiyon a waya. Abin da ba mu tsaya muka tambaya ba shi ne, wane irin gidan abinci ne wannan da zakaran duniya ya zaɓa?

Gidan gashin nama ne mai suna Don Julio, a unguwar Palermo. A wannan makon za mu zagaya da ku cikin wannan birni, babban birnin Ajantina a Kudancin Amurka, inda gidajen abinci iri biyu suka fi tashe: gidajen gashin nama, waɗanda suke kira parrilla, da gidajen abincin Italiya masu sayar da fiza da taliya. Duk wanda ya fahimci yadda waɗannan biyu suka haɗu a gari guda, ya karanci babban yanki na tarihin ƙasar ba tare da ya buɗe littafi ba.

Yadda Italiyawa suka cika garin

Tsakanin Italiya da Ajantina akwai Tekun Atlantika gaba ɗayansa. To, me ya kawo abincin Italiya nan? Talauci ne ya kawo shi. Bayan Italiya ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya a 1861, manoma da yawa sun rasa gona sun rasa aiki. Ita kuwa Ajantina tana da fili mai faɗi, ga ƙarancin masu aiki, sai ta buɗe ƙofa ga baƙi. Daga 1880 zuwa 1930, Italiyawa kimanin miliyan biyu ne suka shiga jirgin ruwa suka yi makonni a kan teku suka sauka a can. A ƙidayar 1914, kusan rabin mazauna Buenos Aires ba a ƙasar aka haife su ba. Shi kansa Messi, kakanninsa na wajen uba daga Italiya suka fito.

Da yawa daga cikin waɗanda suka fara zuwa mutanen birnin Genoa ne, kuma a unguwar La Boca da ke bakin tashar jiragen ruwa suka zauna. Sun yi dako, sun yi gyaran jirgi, suna kwana a gidajen haya inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya. 'Ya'yansu ne suka kafa ƙungiyar ƙwallo ta Boca Juniors a 1905, shi ya sa har gobe ake yi wa ƙungiyar laƙabi da Xeneizes, wato mutanen Genoa.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ba ya barin ɗanɗanon abincin gida. Baƙin nan sun ci gaba da murza taliya da gasa burodinsu. Sai dai a nan sun tarar da abin da ba su da shi a Italiya: alkama mai yawa, madara mai yawa, da nama mai araha. Sannu a hankali abincin ya canza kama.

Fizar da ba irin ta Italiya ba

Idan muka bi titin Corrientes, wanda ya shahara da gidajen wasan kwaikwayo da shagunan littattafai, za mu ga layi a ƙofar Güerrín, gidan fiza da aka buɗe tun 1932. Fizar birnin Napoli na Italiya siririya ce, cukun da ke kanta kaɗan ne. Ta Buenos Aires kuwa mai kauri ce, ana gasa ta a cikin faranti, a zuba mata cuku har yana kwarara gefe. Mai sauri ba ya ma zama. Zai sayi yanka ɗaya ko biyu, ya ci a tsaye a jikin kanta, ya kama gabansa.

Akwai wata da ake kira fugazzeta, wadda ba a sa mata miyar tumatir. Ana cusa cuku a tsakiyar kwaɓin, a rufe samanta da albasa. Asalinta wani burodin mutanen Genoa ne. Sai kuma fainá, wata irin waina mai faɗi da ake yi da garin wani wake mai kama da gurjiya, da ruwa da man zaitun. Mutanen garin kan ɗora ta a kan yankan fiza su haɗa su ci tare.

Abincin da ya fi ba mu sha'awa shi ne ñoquis, wasu 'yan ƙananan curi da ake yi da dankalin Turawa da fulawa, a dafa a ruwa, a zuba musu miya. Al'ada ce a ci su ranar 29 ga kowane wata, kuma a wannan rana gidajen abinci da yawa kan sa su a sahun gaba. Bayanin da aka fi yi shi ne, a ƙarshen wata albashi ya ƙare, dankali da fulawa kaɗai suka rage a gida. Wasu kan sa kuɗi a ƙarƙashin faranti suna fatan wata mai kamawa ya zo da buɗi. Daga nan ne ma aka samo wata ba'a: ma'aikacin gwamnatin da ba ya zuwa ofis sai ƙarshen wata don karɓar albashi, sunansa ñoqui. Ashe ba mu kaɗai muke fama da ma'aikatan bogi ba.

Ƙasar da shanu suka fi mutane yawa

Yanzu mu juya wajen nama. Mutanen Ajantina kimanin miliyan 46 ne, amma shanunsu sun haura miliyan 50. Turawan Sifen ne suka kawo shanu yankin a ƙarni na 16, suka yaɗu a wani shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa da ake kira Pampas. Makiyayan wurin, gaucho, a kan dawaki suke kiwo, kuma su ne suka saba gasa nama a fili a gefen wuta.

A da, fata da kitse da naman da aka busar da gishiri ne kawai ake iya fitarwa waje, domin ɗanyen nama ba zai jure doguwar tafiyar teku ba. A 1876 wani jirgin ruwa na Faransa mai ɗakin sanyi, Le Frigorifique, ya iso Buenos Aires ɗauke da nama. Wannan ya nuna cewa abin zai yiwu. Cikin 'yan shekaru aka gina manyan mayanka masu na'urar sanyi, nama ya riƙa tafiya Ingila, masu garke suka kuɗance. Talakawan da ke kewayen mayanka kuwa, kayan ciki suka fi samu. A yau hanji da ƙoda na cikin abin da ake fara kawowa a manyan gidajen gashi, attajirai suna biya da tsada.

Yadda suke gashin ya bambanta da namu. Mai tsire a wajenmu yakan yanka nama siriri, ya soke a tsinke, ya barbaɗa ƙuli da yaji. Su kuwa tsoka suke yankawa mai kauri, wani lokaci ta kai kaurin yatsu uku. Ana hura itace ko gawayi a gefe, idan ya zama garwashi sai a ɗebo da shebur a baza a ƙarƙashin ragar ƙarfe. Ba a barin harshen wuta ya taɓa naman. Gishiri kawai ake sa masa, a bar shi ya gasu a hankali. Haƙarƙari kan ɗauki awa biyu ko fiye. Idan muna neman kwatanci a gida, ya fi kusa da balangu. Maimakon yaji, ana kawo chimichurri, haɗin wani koren ganye mai ƙamshi da tafarnuwa da barkono da mai da ruwan khal.

A kan wannan raga ce al'adun biyu suka haɗu. Kafin nama ya iso, ana kawo provoleta, wato cuku irin na Italiya da aka yanka da kauri aka gasa a kan wuta har bayansa ya yi ɓawo, cikinsa ya narke. Haka kuma milanesa, naman da ake bugawa ya yi faɗi, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa a garin burodi a soya, daga birnin Milan na Italiya ta samo suna, amma yanzu abincin kowane gida ce a Ajantina.

Idan da mu ne a teburin

A ce wata rana karatu ko aiki ko ƙwallo ya kai ɗayanmu can. Abu na farko, kada mu je da wuri. Abincin dare ba ya kankama sai ƙarfe 9 ko 10, lokacin da mu nan wasu sun yi nisa a barci. Na biyu, mai kawo abinci zai tambaye mu yadda muke son naman. Jugoso shi ne wanda cikinsa ke ja da ruwa-ruwa. A punto shi ne tsaka-tsaki. Bien cocido shi ne wanda ya gasu sarai, irin wanda muka saba. Na uku, idan takardar kuɗi ta zo za mu iya ganin wani ƙari mai suna cubierto, kuɗin burodi da shirya tebur, ana lissafa shi a kan kowane mutum. Ban da shi, al'ada ce a bar wa mai kawo abinci tukuicin kimanin kashi 10 cikin 100.

Abu na huɗu ya fi sauran muhimmanci ga wanda ba ya cin alade. Sunaye na iya ruɗar da mutum. Bife de chorizo tsokar sa ce zalla. Amma chorizo kaɗai, niƙaƙƙen nama ne da ake ɗurawa a hanji, kuma galibi da naman alade a ciki. Morcilla da jini ake yin ta. Milanesa a la napolitana tana zuwa da yankan naman alade a ƙarƙashin cuku. Kalmar jamón a jerin abinci alade take nufi, cerdo ma haka. Sannan a yawancin wurare raga ɗaya ce ake gasa komai a kai, kuma giya na cikin abin da aka saba kawowa tare da nama. Wanda yake son naman da aka yanka bisa ƙa'idar Musulunci sai ya nema tun kafin ya fita. A unguwar Palermo ɗin nan akwai Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahd, wadda aka buɗe a 2000, kuma a irin wannan wuri ake samun masu nuna hanya. Matambayi ba ya ɓata. Jin kunyar tambaya ne ke sa baƙo ya ci abin da bai so ba, ko ya biya abin da bai shirya ba.

Lokacin da nama ya gagari masu shanu

Kada hotunan da muke gani a Instagram su sa mu ɗauka kowa a birnin haka yake ci kullum. Don Julio ya zo na ɗaya a jerin fitattun gidajen abinci na Latin Amurka a 2020, ya kuma samu tauraron Michelin a 2023, lambar yabon da masu dafa abinci a duniya ke mafarkin samu. Akan yi makonni ana neman tebur a wurin, kuma baƙi 'yan yawon buɗe ido na cikin waɗanda suka fi cika shi.

A waje kuwa labarin daban ne. A 2023 hauhawar farashi a Ajantina ta kai kashi 211 cikin 100, wato abin da aka saya ɗari a farkon shekara ya haura ɗari uku a ƙarshenta. A shekarun 1950, akwai lokacin da naman shanun da mutum guda ke ci a shekara ya kai kusan kilo 100. A 2024 ya sauko ƙasa da kilo 50, har kaza ta kamo ƙafarsa. Iyalai da suka saba haɗuwa kowace Lahadi a gasa nama sun koma yi jefi-jefi. Wasu sukan shiga gidan abinci su sayi faranti ɗaya su raba, wasu su tsaya a kan yankan fiza a tsaye. Mu da muka san yadda kuɗin tsire da buhun shinkafa suka tashi a 'yan shekarun nan, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Abin lura shi ne, yawancin abincin da birnin ke alfahari da shi a yau daga hannun marasa ƙarfi ya fito: ɗan dako daga Genoa, matar da albashin mijinta ya ƙare kafin wata ya mutu, da talakan da ya tsinci kayan ciki a bakin mayanka. Babu wanda ya zaci wata rana za a bi layi a kansa.

Mu ma muna da irin wannan tarihi a cikin kwanonmu. Gurasar Kano ana danganta ta da Larabawan da fatauci ya kawo birnin, ga shi yanzu ta zama 'yar gari, ana cin ta da tsire ko a yi bandashe da ita. Aikin da muka ba ku a wannan makon shi ne ku zaɓi abinci ɗaya da ake sayarwa a unguwarku, ku tambayi kaka ko wani dattijo daga ina ya zo, wa ya fara kawo shi, kuma nawa ake sayar da shi lokacin da suke yara. Ku rubuto mana abin da kuka samo, tare da sunan makarantarku da ajinku.