Su Wa Ke Riƙe Da Ƙaramar Makarantar Mishan A Maiduguri?

In ana zancen makaranta, abin da yakan fara faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne gini, wato azuzuwa da allo da kujeru da filin wasa. Haka kuma in wata masifa ta auka wa makaranta, ɗakunan da suka ƙone ake fara ƙirgawa, su ake ɗauka hoto, su ake nemar wa gudummawa. Amma duk wanda ya san halin da ilmi ya shiga a Jihar Barno tun daga shekarar 2009, ya san gini ya fi kome sauƙin mayarwa. Abin da ke da wuyar samu shi ne mutumin da zai tsaya a gaban allo, da wanda zai tsare ƙofa, da wanda zai riƙe littafin kuɗi bisa gaskiya.

Wannan magana ta shafi kowace makaranta. Sai dai ta fi fitowa fili a ƙananan makarantun sakandare na ɗarikar Katolika da ke Maiduguri da yankinta, domin ba baitulmalin gwamnati ke biyan ma'aikatansu ba, kuma jama'ar da ta kafa su 'yan tsiraru ne a garin.

ASALIN AL'AMARIN

Limaman Katolika 'yan ƙungiyar Agustin, mutanen ƙasar Ayalan, su ne suka kawo wannan ɗarika arewa maso gabas. Sun soma aiki a Lardin Adamawa wajen shekarar 1940, daga nan suka miƙo Barno. A 1953 aka ware yankin Maiduguri daga ƙarƙashin Jos, a 1966 kuma ya zama cikakken yanki mai Bishop nasa, wato babban limami, aka naɗa Timothy Cotter na farko. Sai a 2003 ɗan ƙasa ya hau wannan kujera, shi ne Matthew Ndagoso, wanda daga baya aka mayar Kaduna. Oliver Dashe Doeme ya karɓa a 2009, shekarar da rikicin Boko Haram ya ɓarke a cikin garin Maiduguri. Yankin nasa ya haɗa Barno da Yobe da arewacin Adamawa.

Tun farko al'adar 'yan mishan ita ce inda duk suka kafa coci, sai su kafa makaranta da ɗakin shan magani. A zamanin nan Fada Bature ne shugaban makaranta, shi ne mai koyar da Turanci da lissafi, sau da yawa ma shi ne magini. Fada ba ya da iyali, ba ya jiran albashi irin na ma'aikacin gwamnati, haka nan Sista. Sabo da haka kuɗin tafiyar da makaranta bai taka kara ya karya ba. A cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan da yawa a ƙasar nan. Da coci ta sake komawa ga kafa makarantu nata na kanta, zamani ya riga ya juya. Turawan sun tsufa ko sun koma gida, aikin koyarwa ya dawo hannun 'yan ƙasa masu mata da 'ya'ya da kuɗin haya a wuyansu. Babban taron bishop-bishop na duniya da aka gama a Rum a 1965 ya riga ya nuna cewa nasarar makarantar Katolika a hannun malamanta take. To, amma malami ba ya cin yabo ya ƙoshi.

MUTUM ƊAYA, AIKI UKU

Mai karatu, bari mu duba yadda irin wannan makaranta ke tafiya. A bisa akwai firinsifal, galibi Fada ko Sista da Bishop ya naɗa. A ƙarƙashinsa akwai mataimaki, da malaman aji, da akawun kuɗi, da mai buga takardu, da maigadi, da masu shara, in kuwa ta kwana ce sai a ƙara da kuku da uwar ɗakin kwanan 'yan mata.

Babbar makarantar gwamnati tana iya samun malamai da dama a kan darasi guda. Ƙaramar makaranta ba ta da wannan gata, alhali kuwa jarrabawar WAEC da NECO ba ta san babba da ƙarama ba, tambaya ɗaya ake yi wa kowa. Don haka sai ka tarar malamin lissafi shi ne na kimiyya, shi ne mai kula da wasanni, shi ne kuma zai zauna da dare yana shigar da sunayen masu jarrabawa a kwamfuta. In irin wannan malami ya tafi a tsakiyar zango, aji uku ko huɗu ne suka zama marayu a rana ɗaya.

Ma'aikatan da ba sa koyarwa kuwa, su aka fi mancewa da su. Maigadi shi ya san fuskar uban kowane yaro, shi zai gane baƙon da bai kamata ya shiga ba. Akawu shi ke sauraren uzurin uwar da ba ta cika kuɗin zango ba, shi ke kai kokenta gaban firinsifal. Ba abin mamaki ba ne a makarantun mishan na Arewa a sami Musulmi a cikin ma'aikata ko a cikin 'yan makaranta. Zaman aji ɗaya da cin abinci wuri ɗaya yana koya wa yara abin da lacca ba ta koyarwa.

SHEKARUN TSORO

Ma'aikatan coci a Maiduguri sun ɗanɗana tashin hankali tun kafin Boko Haram. A tarzomar watan Fabrairu 2006 an ƙone coci-coci da dama a garin, an kuma kashe wani limami, Fada Michael Gajere. Amma abin da ya biyo bayan 2009 ya sha bamban, domin a wannan karo makarantar boko da malaminta su ne abin hari, ko Musulmi ne ko Kirista.

A watan Yuni 2013 an harbe 'yan makaranta a wata makarantar Musulmi mai zaman kanta a cikin Maiduguri. A watan Fabrairu 2014 aka kashe yara 59 a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi, a cikin watan nan kuma aka kai hari ƙaramar makarantar sakandare ta St. Joseph da ke Shuwa a ƙasar Madagali, inda yankin Maiduguri ke tarbiyyar yaran da za su zama limamai. A watan Maris gwamnatin Barno ta rufe makarantunta na sakandare, a watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 a Cibok. Makarantun gwamnati da yawa a Maiduguri suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2016 cewa an kashe malamai 611, wasu 19,000 kuma sun gudu daga wuraren aikinsu. A 2017 hukumar UNICEF ta ce adadin malaman da aka kashe ya kai 2,295.

Malamin makarantar Katolika yana ɗauke da kaya biyu a wancan lokaci, ga shi malamin boko, ga shi ma'aikacin coci. Masu inda za su da yawa sun kwashe iyalansu sun koma Jos ko Yola ko kudu, ba kuwa wanda zai ga laifinsu. Waɗanda suka tsaya, su suka karɓi yaran da suka gudo daga Gwoza da Madagali da Michika ba takarda, ba kuɗi, wani lokaci ba iyaye. Koyar da yaron da ya ga an kashe ubansa aiki ne da ba a koya wa kowa a kwalejin horon malamai ba.

Hadarin nan bai tsaya a Barno ba. A watan Nuwamba 2025 'yan bindiga sun kwashe ɗaruruwan yara daga makarantar St. Mary ta Papiri a Jihar Neja, ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa kuma ta ce malamai 12 na cikin waɗanda aka tafi da su.

ALBASHI DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Da tsoro ya ɗan lafa, sai wata matsala ta taso. Ƙungiyoyin agaji na duniya sun cika Maiduguri, suna neman masu ilmi, suna biyan abin da ƙaramar makaranta ba ta ko mafarkinsa. Ƙwararrun malamai da dama suka ajiye alli. 'Yan hidimar ƙasa kuma, waɗanda ƙananan makarantu ke dogara da su wajen darussan kimiyya, sun yi ƙaranci, domin an shafe fiye da shekara goma ba a buɗe sansanin horonsu a Barno ba sai a 2023.

Kuɗin makaranta daga aljihun iyaye yake fitowa, iyayen nan kuwa yawancinsu ƙananan ma'aikata ne da 'yan tireda da masu sana'ar hannu. In an ƙara kuɗin zango, yara su ragu. In ba a ƙara ba, malami ya kwana da yunwa. Janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 ya ninka kuɗin keke-napep da na abinci. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙananan makarantu da yawa kuwa a nan suke faɗawa. Kafin a farfaɗo daga wannan, sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na garin, har da babbar cocin St. Patrick. Malamin da ruwa ya cinye masa katifa da takardun shaida, shi aka jira ya dawo ya share aji.

ABIN DA YA KAMATA

Nauyi na farko yana kan hukumar coci. Ma'aikacin da aka ce aikinsa ibada ne, haƙƙinsa ma ibada ne a biya shi. Ya kamata kowane ma'aikaci, daga firinsifal har mai shara, ya sami takardar ɗaukar aiki, da albashi a kan lokaci, da asusun fansho irin wanda dokar 2014 ta tsara, inda mai aiki ke zuba kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki kuma kashi 10. Masu ba da gudummawa daga ƙasashen waje su ma su sani, tallafin albashi da horon malamai ya fi sabon fenti amfani, ko da yake ba ya kyau a hoto.

Na biyu yana kan gwamnati. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a birnin Oslo a 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021. Yaron makarantar mishan ɗan Barno ne kamar na makarantar gwamnati ko ta Islamiyya. In Ma'aikatar Ilmi ta shirya kwas na malamai ko tsarin tsaro, bai kamata a tsallake masu zaman kansu ba.

Na uku yana kan iyaye. Biyan kuɗin zango a kan kari shi ne albashin malami, halartar taron iyaye da malamai kuma shi ne ƙarfin gwiwarsa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ajin da aka ƙone ana iya sake gina shi kafin damina ta zagayo, amma malamin kimiyya mai shekara goma sha biyar a bakin aiki, in ya tafi, sai an yi wata shekara goma sha biyar kafin a sami kamarsa.