Wayar Ƙasa: Sifilin da Kiɗan Lantarki Ya Dogara a Kansa

A shekarar 1964 wani injiniya Ba'amurke mai suna Robert Moog ya fito da wata na'urar kiɗa wadda ba ta da tsirkiya ko fata, sai dai lantarki kurum. Ana kiranta sintesaiza. Ya gina ta ne ɓangare-ɓangare: wannan ɓangare ya haifi sauti, wancan ya tace shi, wani kuma ya ƙara masa ƙarfi ko ya rage, makaɗi kuwa shi ke haɗa su da gajerun wayoyi yadda ya ga dama. A 1995 Dieter Doepfer na ƙasar Jamus ya fito da ƙaramin tsarin da ake kira Eurorack, wanda masu harhaɗa nasu a gida suka fi bi a yau. Da yawansu sukan ƙare aiki, su kunna, sai su ji gunji a lasifika, ko su ga sautin yana rawa. Galibi laifin yana jikin wayar da aka fi rainawa, wato wayar ƙasa.

Ƙarfin lantarki, wanda ake aunawa da bolt, bambanci ne tsakanin wurare biyu, kamar yadda ba a faɗin zurfin rijiya sai an ce daga ina aka fara awo. Wayar ƙasa ita ce bakin rijiyar, ita ce sifili. Mu masu nazarin halittu mun san haka sarai, domin siginar zuciya da ake ɗauka a fatar mutum ba ta wuce kimanin milibolt 1 ba, shi ya sa ake manna wata waya a ƙafar dama ta mara lafiya don na'urar ta sami madogara.

To, me ya sa abin ya yi tsanani a sintesaiza? A tsarin Moog da na Eurorack, ƙarin bolt 1 yana ninka saurin kaɗawar sauti sau biyu, kuma an raba wannan zango taki 12. Ke nan taki guda bai wuce milibolt 83 ba. Mai karatu ya riƙe wannan adadi.

A takarda wayar ƙasa sifili ce daga farko har ƙarshe. A zahiri kuwa jan ƙarfe ce, tana da 'yar turjiya, kuma wani kaso na lantarkin da ɓangarori suka sha ta cikinta yake komawa gida. Mu ɗauka turjiyarta om 0.1 ce, lantarkin da ke bi ta ciki kuma amfiya 0.1 ne. Dokar Ohm ta ce a ninka su: milibolt 10. Wato sifilin ɓangaren da ke can ƙarshen waya ya ɗara na kusa da tushen wuta da milibolt 10, kusan kashi ɗaya cikin takwas na taki. Kunne yana jin wannan, musamman idan sauti biyu suna tafiya tare. Mafi muni, lantarkin ba ya zama wuri guda. Ƙaramar fitila ta kama, ta mutu, sifili ya ɗaga, ya sauka, sauti kuma ya bi shi. Ga wanda ya zauna unguwar da gidaje da yawa ke zuba ruwa a kwata guda, abin ba baƙo ba ne: maƙwabci ya kwarara wanki, ruwa ya taso a ƙofar gidanka.

Magani na farko shi ne kowane ɓangare ya sami tasa hanyar komawa, duka su haɗu a wuri ɗaya kusa da tushen wuta, kamar tauraro. Idan ɓangarorin sun yi yawa, sai a shimfiɗa kakkauran sandan jan ƙarfe su rataya a jikinsa. Ni dai na fi amincewa da sandan, don ya fi sauƙin dubawa idan an sami matsala. Ba banza ba ne a faffaɗar wayar wuta ta Eurorack aka ware wa ƙasa silla 6, alhali +12 da −12 kowanne silla 2 ya samu. Akan kuma liƙa ƙaramar kafasita, mai nanofarad 100, dab da ƙafafun wuta na kowane guntun lantarki, don ya sha na gaggawa daga nan ba tare da ya girgiza layin kowa ba.

Gunji kuwa labarinsa daban. Idan aka jona sintesaiza a soket guda, amfilifaya a wani, kowanne da ƙasarsa, sannan wayar sauti ta haɗa su, an yi zobe ke nan. Maganaɗisun taransifoma da na wayoyin gida yana ratsa zoben ya haifar da lantarki a cikinsa, sai a ji ƙugi mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kamar wutarmu a nan da ta Turai, ko sau 60 a Amurka. A jona su duka a soket ɗaya, a nesanta taransifoma daga wayoyin sauti, a kuma haɗa sifilin na'urar da akwatin ƙarfenta a wuri guda tak. In ƙugin ya ƙi, akwai ƙaramar taransifomar sauti da ake sawa a tsakani, tana barin sauti ya wuce amma ta katse zoben.

Akwai dabarar da wasu ke yi, su cire ƙafa ta uku ta filogi. Gunjin yakan ɗauke, gaskiya ne. Amma wannan ƙafa ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa ta ƙone fis ranar da waya mai bolt 230 ta kuɓuce ta taɓa akwati. Idan babu ita, hanyar da ta rage wa wutar ita ce hannun makaɗi da ƙirjinsa, kuma 'yan gomiyoyin miliamfiya sun isa su hargitsa bugun zuciya. Malamin da ɗalibansa ke son gwada wannan aiki ya fara su da batir biyu masu bolt 9, a ɗauki mahaɗarsu ta tsakiya a matsayin sifili, su sa mita su auna bambancin da ke tsakanin wannan mahaɗa da ƙarshen wayar ƙasa yayin da fitila ke kamawa tana mutuwa.