Da gaske ne an yi wa Rasha ruwan daloli bayan rushewar gurguzu?

Ana yawan cewa da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, ƙasashen Yamma sun cika wa Rasha aljihu kyauta, ita kuma ta yi musu butulci. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an yi mata gishiri da yawa.

Gaskiya ne a watan Afrilun 1992 Shugaba Bush na Amurka da Helmut Kohl na Jamus sun yi shelar tallafin dala biliyan 24. Sai dai kaso mafi tsoka rance ne, da bashin sayen hatsi da kayayyaki daga wajen masu ba da tallafin, da ɗage ranar biyan tsohon bashi. Masu kwatanta wannan da Shirin Marshall, wanda ya farfaɗo da Yammacin Turai daga 1948, sun yi kuskure, domin shi galibinsa kyauta ne.

Inda aka yi sauƙi na gaske shi ne Poland. A 1990 an tanadar mata asusun dala biliyan 1 don kare darajar kuɗinta, a 1991 kuma gwamnatocin da ke Kulob ɗin Paris suka yafe mata rabin bashin da suke binta. Rasha, wadda ta ɗauki bashin Sobiyet a kanta, ɗaga mata ƙafa kawai kulob ɗin ya yi. A ganina, duk mai auna ƙasashen biyu da ya manta da wannan bai yi adalci ba.

To, batun cewa an wawure kuɗin fa? An yi ɓarna, babu musu. Kuɗi masu yawa sun ƙare a aljihun masu ba da shawara daga waje, irin waɗanda a Poland suka riƙa sauka a otal ɗin Marriott na Warsaw, su kwana kaɗan, su rubuta rahoto, su hau jirgi. Jami'ar Harvard ma ta biya gwamnatin Amurka dala miliyan 26.5 a 2005, bayan an kai ƙara cewa jagororin aikinta a Rasha sun zuba jari a ƙasar da suke ba wa shawara. Amma a ce duka aka sace, ƙari ne. Dala biliyan 4.8 da hukumar ba da lamuni ta duniya, IMF, ta sakar wa Rasha a Yulin 1998 an karɓo ta ne don kare kuɗin rubul, wanda duk da haka ya faɗi a watan Agusta.

Kuma Rasha ba ta cinye bashin ba. Da farashin mai ya tashi, ta sallami IMF a 2005 da Kulob ɗin Paris a 2006, tun wa'adi bai cika ba.