Ba Maita Ba Ce, Ba Kuwa Laifin Uwa Ba

A ƙauyukanmu na tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, in mace ta binne 'ya'ya biyu ko uku tun suna goye, sai a ce wabi take yi. Dangin miji su ɗaure mata fuska, wasu har su kama sunan wata tsohuwa. Mu masu bi ma ba mu kuɓuta daga wannan hali ba. Alhali wasu yaran amosanin jini ne ya ɗauke su, watau sikila.

Cikin ƙwayoyin jikinmu akwai dogon zare mai ɗauke da rubutun gado, harufansa wajen miliyan dubu 3. Harafi ɗaya tak ya sauya a wurin da ke sarrafa jan jini, shi ne tushen ciwon. A 1956 Vernon Ingram ya gano a Ingila ɗan bambancin da ke cikin jinin masu sikila. Ƙwayar jinin takan lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, hannu da ƙafa su kumbura, ƙashi ya yi ta sara.

Ba kowane kuskuren rubutu ake gada ba. Zaren nan a nannaɗe yake a kan wasu ƙulle-ƙulle da ake kira histon, kamar zare a mazari. A 2012 likitoci suka gano cewa sauyin harafi a rubutun histon yana haddasa wani mugun ciwon daji a ƙwaƙwalwar yara. Wannan a jikin yaron yake tasowa. Sikila kuwa sai uwa da uba duka sun ba da rabonsu. In dukansu AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin 4. Ba a jere yake zuwa ba. Gida ɗaya yana iya samun uku.

A binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a Garki, nan Jigawa, cikin shekarun 1970, an tarar jarirai wajen 2 cikin 100 SS ne, kaɗan ƙwarai suka wuce shekara 5. Yau da gidan sauro, da yawan shan ruwa, da magani a kan kari, da yawa suna girma har su yi aure.

Abin da ke damunmu shi ne lokacin gwaji. Sau da yawa sai an kai kaya, an sa rana, an sanar a majami'a, sa'an nan a nemi takardar jini. Wa zai iya janyewa a lokacin? Gama kunya ta riga ta ɗaure kowa. Ga asibitin tarayya a Birnin Kudu. Mu kai 'ya'yanmu tun suna makaranta, kafin kowa ya zo gaisuwa ƙofar gida.